Daren da Aka Tashi Wasa a Dublin

Duk sanda na ji ana cewa rigimar filin ƙwallo wautar matasa ce kawai, sai in tuna 15 ga Fabrairun 1995. Ranar ce Ingila ta je wasan sada zumunta da Ayaland a filin Lansdowne Road. Bayan David Kelly ya jefa wa Ingila ƙwallo, wasu magoya bayanta, ciki har da 'yan ƙungiyar wariya ta Combat 18, suka ɓalle kujeru suna jifan mutanen da ke ƙasa. A minti na 27 alƙali ya tsayar da wasan.

Abin ba na ƙwallo ba ne kaɗai. Watanni shida ke nan da IRA ta tsagaita wuta, tsohuwar gaba ba ta huce ba. Can baya ma masu kishin Ayaland kallon wasan Ingilishi suke yi wa ƙwallon ƙafa. Sai 1971 hukumar GAA ta ɗage haramcin buga shi ga 'ya'yanta. Ga shi kocinsu a daren, Jack Charlton, Ba'ingile ne.

Abin da ya burge ni, akasarin 'yan Ayaland ba su rama ba. Wannan hali ya zama abin alfaharinsu, har birnin Faris ya ba magoya bayansu lambar yabo a 2016.

Amma a Nuwamban 2023 'yan gida ne suka ƙona motocin safa a Dublin saboda ƙin baƙi. Suna mai kyau sai an yi ta kiyaye shi. Allah ya kyauta.