Yadda Ake Tsara Darussan Koyarwa Ta Intanet

Tsara karatu ta intanet wani reshe ne na ilimin koyarwa da ke nazarin yadda za a gina darasi domin ɗalibin da ba ya zaune gaban malami. Ɗora littafi ko bidiyo a shafi bai isa a kira shi darasi ba, sai an fayyace wanda za a koyar, da abin da ake so ya iya, da hanyar da za a gane ya iya ɗin.

Tsarin da ya fi shahara shi ne ADDIE, wanda aka samar a Jami'ar Jihar Florida da ke Amurka a 1975 domin horar da sojoji. Matakansa biyar ne: binciken buƙatun ɗalibai, zayyana manufofi, haɗa kayan karatu, gabatar da darasi, sannan tantance sakamako. Masu sukarsa na cewa idan aka bi shi daki-daki, kuskuren da aka tafka tun farko ba ya bayyana sai an riga an kashe kuɗi da lokaci. Wannan ne ya sa Michael Allen ya gabatar da tsarin SAM, inda ake fara haɗa ɗan ƙaramin samfuri, a gwada shi, a gyara, a sake gwadawa.

Kowace manhaja kuma tana ɗauke da ra'ayin masu ita game da koyo. Martin Dougiamas na Ostireliya, wanda ya fitar da Moodle a 2002, ya gina ta ne bisa fahimtar cewa ɗalibi yana gina iliminsa ta hanyar aiki da tattaunawa da 'yan uwansa. Dandalin Coursera da edX, waɗanda aka kafa a 2012, sun fi karkata ga gajerun bidiyoyi da tambayoyin da kwamfuta ke makawa. Dubbai kan yi rajista, amma kaɗan ne ke kammalawa.

A Najeriya, zaɓi mafi nauyi shi ne tsakanin darasin kai tsaye da wanda ake ajiyewa ɗalibi ya buɗe lokacin da ya samu dama. Na farkon yana cin data, kuma yankewar lantarki ko sabis na iya raba ɗalibi da darasin ɗungurungum, abin da ya fito fili lokacin da annobar korona ta rufe makarantu a 2020. Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, NOUN, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka kuma farfaɗo da ita a zamanin shugaba Olusegun Obasanjo, tana haɗa rubutattun darussa da ake saukewa da cibiyoyin karatu a jihohi, inda ɗalibai ke zuwa rubuta jarrabawa.