Sauyin yanayi da rikici: Yadda binciken masana zai amfani masu mulki

Ranar 13 ga watan Disamban 2021, Nijar da Ireland suka gabatar wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya daftarin ƙuduri da ke neman a riƙa sanya sauyin yanayi cikin lissafi a duk lokacin da ake nazarin barazanar tsaro. Ƙasashe 12 daga cikin 15 suka goyi baya, Indiya ta ƙi, China ta ƙaurace, Rasha kuma ta hau kujerar na-ƙi, daftarin ya mutu. Hujjar Rasha ita ce matakin zai kawar da hankali daga ainihin musabbabin rikice-rikice.

Tambayar da ta raba kan jakadun ta daɗe tana raba kan masana: shin fari da zafi da ambaliya na haddasa zubar da jini? Idan suna yi, me gwamna ko minista zai yi da wannan sani?

Abin da bincike ya gano

A 2009 Marshall Burke da abokan aikinsa a Amurka suka wallafa nazarin da ya nuna cewa yaƙin basasa ya fi ɓarkewa a Afirka kudu da Sahara a shekarun da zafi ya tsananta. Sun yi hasashen ƙaruwar yaƙe-yaƙe da kusan kashi 54 cikin 100 nan da 2030. Shekara guda bayan haka, Halvard Buhaug na cibiyar nazarin zaman lafiya da ke Oslo ya mayar da martani cewa alaƙar na ɓacewa da zarar an sauya ma'aunin abin da ake kira yaƙi ko an sauya shekarun da aka duba.

An yi shekara goma ana wannan ja-in-ja kafin Katharine Mach ta haɗa ƙwararru 11 masu saɓanin ra'ayi, aka wallafa matsayarsu a mujallar Nature a 2019. Sun ƙiyasta cewa yanayi ya yi tasiri a kan kashi 3 zuwa 20 cikin 100 na haɗarin ɓarkewar rikicin makamai a cikin ƙasashe a ƙarnin da ya shuɗe. Sai dai sun ce abubuwa huɗu sun fi shi nauyi: talauci, raunin gwamnati, rashin daidaito tsakanin al'ummomi, da tabon rikicin da bai daɗe da lafawa ba. Rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ma ya ce tasirin yanayi bai kai na waɗannan dalilai ba.

Inda gizo ke saƙar

Matsala ta farko ita ce ma'auni. Mai bincike na tattara alƙaluman ƙasashe da dama na tsawon shekaru ya fitar da matsakaici. Shi kuwa jami'in da ke riƙe da kasafin kuɗi yana son sanin wace rijiya, wane burtali, wane wata. Matsakaicin nahiya ba ya gaya masa inda zai tura masu sasanci kafin kaka.

Ta biyu ita ce zaɓen wurin nazari. Wani bita da aka wallafa a 2018 ya gano cewa masu bincike sun fi karkata ga ƙasashen da rikici ya riga ya ɓarke da waɗanda ke da sauƙin shiga, musamman masu amfani da Ingilishi. Yankunan da suka sha fari amma suka zauna lafiya ba su cika samun mai leƙa su ba, alhali a can ne darasin yake.

Ta uku ita ce yawancin sakamakon na fitowa ne da Ingilishi, cikin mujallu masu tsada, bayan shekaru da kammala aikin. Hakimi ko shugaban makiyayan da zai zauna zaman sulhu gobe ba ya ganin sa.

Haɗarin labari mai sauƙi

Idan bincike ya yi wuyar fahimta, labari mai daɗin faɗi ne ke maye gurbinsa. A 2007 Ban Ki-moon, sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya danganta tushen rikicin Darfur da matsalar muhalli. Masu suka sun ce irin wannan bayani na rage wa gwamnatin Khartoum, wadda ta bai wa mayaƙan Janjawid makamai, nauyin laifinta.

Tafkin Chadi ma haka. An daɗe ana maimaita cewa ya ƙafe da kashi 90 cikin 100, daga murabba'in kilomita kusan 25,000 a shekarun 1960. Gaskiya ne ya ja da baya ƙwarai a farin shekarun 1970 da 1980. Amma rahoton cibiyar adelphi ta Jamus na 2019, wanda ya dogara da hotunan tauraron ɗan'adam da hira da mazauna yankin, ya nuna cewa tafkin ya daina raguwa. Abin da ke gallaza wa jama'a shi ne ruwan sama da ba a san lokacin zuwansa ko yawansa ba, ga kuma takunkumin tsaro da ya hana su kamun kifi da noma da kasuwanci. Bambancin na da tsada: wanda ya yarda tafkin na ƙafewa zai nemi biliyoyin daloli don shirin Transaqua na janyo ruwa daga kogunan yankin Kongo ta hanyar mai tsawon kilomita kusan 2,400. Wanda ya karanta rahoton zai fara da hasashen damina da buɗe kasuwanni.

Binciken da ke nuna abin yi

Nazarin da ya fi amfani shi ne wanda ya bayyana hanyar da yanayi ke bi ya zama rikici, domin kowace gaɓa wuri ce da hukuma za ta iya sa hannu. Nina von Uexkull da abokan aikinta sun gano a 2016 cewa fari a lokacin noma ya fi rura wutar rikici a tsakanin al'ummomin da suka dogara da gona kuma aka mayar da su saniyar ware a siyasa.

Eoin McGuirk da Nathan Nunn sun bi sawun makiyaya masu ƙaura. A al'ada shanu kan iso bayan girbi, su ci kara su bar wa manomi taki. Idan ruwa ya yi ƙaranci a makiyaya, sai garke ya taso da wuri, ya tarar da amfani a gona. Sun kuma gano cewa wannan tasiri na raguwa inda makiyaya ke da wakilci a gwamnati. A Indiya kuwa, Thiemo Fetzer ya nuna cewa shirin gwamnati na bai wa mutanen karkara aikin kwana 100 a shekara ya raunana alaƙar da ke tsakanin ƙarancin damina da tashin hankali.

Rikicin Logone-Birni a arewacin Kamaru a Disamban 2021 ya nuna muhimmancin sanin gaɓar. Masunta da manoma 'yan ƙabilar Musgum sun haƙa ramuka don tare ruwa da kifi, shanun Larabawan Shuwa suka riƙa faɗawa ciki. Faɗan da ya biyo baya ya kori dubun-dubatar mutane zuwa Chadi. Ƙarancin ruwa ya taka rawa, amma wurin da za a haƙa rami da hanyar da shanu za su bi zuwa mashaya abubuwa ne da zaman sulhu ke iya yankewa.

Gadojin da ake ginawa

A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa wani tsari na musamman kan yanayi da tsaro, a 2020 kuma ta tura mai ba da shawara na farko kan batun zuwa ofishinta na Somaliya. Ƙungiyar IGAD ta gabashin Afirka na da tsarin gargaɗin gaggawa kan rikice-rikice tun 2002. A yammaci da tsakiyar Afirka, hukumar kula da ƙaura ta duniya na aiki da ƙungiyar makiyaya ta Billital Maroobe wajen ƙidaya garken da ke kan hanya da sanar da hukumomi idan sun taso da wuri. Nijar kuma na da kwamitocin filaye a ƙarƙashin dokar karkara ta 1993, masu shata burtali da rubuta haƙƙin gona.

Gargaɗi ba ya amfani sai da wanda zai karɓe shi, da kuɗin da aka ware tun kafin fari, da harshen da mai garke da mai gona ke ji. Shi ya sa masana da dama ke kira da a tsara tambayar bincike tare da waɗanda za su yi aiki da amsarta, a kuma bai wa jami'o'in Njamena da Marwa da Difa da Maiduguri jagoranci a nazarin yankunansu.