Daga Gona Zuwa Masaƙa: Darasin Koriya da Kaduna

A 1954 Arthur Lewis, masanin tattalin arzikin da ya samu lambar Nobel a 1979, ya fito da wata mahanga kan yadda ƙasa matalauciya ke bunƙasa. A ganinsa, mutanen karkara sun fi aikin da ke gonakinsu yawa. Idan masana'antu suka ɗebi wasunsu, amfanin gona ba zai ragu ba, ribar kuma sai a zuba ta cikin sababbin masana'antu.

Sai dai wannan lissafi yana da sharaɗi. Ma'aikacin birni na bukatar abinci mai araha, masana'anta kuma na bukatar mai saye da kayan sarrafawa. Duka ukun a hannun manomi suke.

Koriya ta Kudu ta fara ne daga nan. A 1950 ta raba filayen manyan masu ƙasa ga talakawan da ke noma su, ta ƙayyade wa kowane gida kimanin hekta uku. Taiwan ma haka ta yi tsakanin 1949 da 1953. Da manomi ya mallaki gonarsa, sai ya ƙara himma, ya sa 'ya'yansa makaranta. Waɗannan yaran ne suka cika masana'antun tufafi da takalma, daga baya na ƙarfe da motoci.

Arewacin Najeriya ma ya kama hanyar. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, audugar Funtuwa da Gusau na ciyar da ita. Da kuɗin man fetur suka kwararo a shekarun 1970, kayan waje suka yi araha, aka yi wa noma riƙon sakainar kashi. A 1986 aka rushe hukumar sayen auduga ba tare da an tanadi mai raba iri mai kyau ba. Ga ƙarancin lantarki, ga atamfar fasa-ƙwauri. Masaƙun Kakuri da ke Kaduna suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Matasa sun ci gaba da barin ƙauye, amma acaba da talla suka tarar a birni.

Saboda haka barin gona kaɗai ba ci gaba ba ne. Ƙasar da ke son masaƙa ta tsaya, dole ta fara tsayar da manomin auduga.