Daga Auduga Zuwa Yadi: Yadda Gusau Ta Samu Masana'antu, Ta Kuma Rasa Su

Yau tarihi za mu taɓa, amma tarihin da ya shafi aljihunmu. Sau nawa kuka ji an ce matasan yanzu cima-zaune ne, ba sa son aiki? To mu ɗauki wannan zargi mu auna shi da labarin masana'antun Gusau, mu ga ko zai tsaya da ƙafafunsa.

Mu fara da auduga. Tun kafin zuwan Turawa ana noma ta a ƙasar Zamfara. Mata su gurza su kaɗa zare da mazari, maza su saƙa, a kai marina a rine. Da Turawa suka zo, masaƙun Ingila na fama da yunwar auduga, shi ya sa a 1902 suka kafa ƙungiyar BCGA, wadda kakanninmu ke kira Bisije. Aka ja layin dogo daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tuƙe a Kaura Namoda a 1929. Aka kafa injin gurza a Gusau, kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, baƙi suka yi ta kwararowa. Manomin Tsafe da na Kwatarkwashi da na Bungudu su kawo auduga da gyaɗa, a auna, a loda a jirgi zuwa bakin teku. Ku lura da kyau: mu ne da noma, su ne da saƙa, sannan su dawo mana da yadin mu saya da tsada.

Shugabannin Arewa na lokacin Sardauna sun gane wannan wayon. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kaduna. A 1964 wani attajiri daga Hong Kong, Cha Chi Ming, ya kafa UNTL. A cikin shekarun 1960 ɗin nan ne Gusau ta samu tata, wato Zamfara Textile, wadda ta kasance cikin rukunin UNTL. Aka kuma samu kamfanin matsar mai. Sai aiki ya zama sarƙa: gona ta ba injin gurza, injin gurza ya ba masaƙa auduga, ya ba matsar mai angurya, dusar da ta rage ta tafi ga dabbobi. Albashin ma'aikaci ɗaya kuwa, mai abinci ta ci, tela ya ci, mai gidan haya ya ci.

A matakin ƙasa ma haka abin yake. Farkon shekarun 1980, masana'antu na samar da wajen kashi 20 cikin 100 na arzikin Najeriya, bisa alƙaluman Bankin Duniya. Zuwa 2010 ya faɗo ƙasa da kashi 7. Alƙaluman Babban Bankin Najeriya sun nuna a farkon shekarun 1980 kamfanoni na aiki da sama da kashi 70 na ƙarfin injinansu, amma a tsakiyar shekarun 1990 abin ya dawo wajen kashi 30. Masaƙu kuwa, a lokacin da suke tashe ana lissafa kusan 175. Zuwa ƙarshen shekarun 2000 waɗanda ke motsi ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan adadi ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Me ya faru?

Na farko, tsarin SAP na gwamnatin Babangida a 1986. Darajar naira ta karye, alhali kayan gyaran inji da sinadaran rini duk daga waje ake sayo su. A shekarar ne aka rusa hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga da ke Funtuwa. E, hukumar ta daɗe tana danne wa manomi farashi, wannan gaskiya ne. Amma ita ce ke raba iri mai kyau, ita ke tantance auduga daraja-daraja. Da ta tafi babu magaji, iri ya gauraye, inganci ya faɗi.

Na biyu, wuta. Masaƙa dare da rana take aiki. Da NEPA ta gaza, kamfani ya koma janareta, ga baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi wuyar samu.

Na uku, kasuwa. Najeriya ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 1995, a 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. Atamfar Sin mai araha ta cika kasuwa, da yawa ta hanyar fasa-ƙwauri daga Kwatano, ta ratsa Nijar ta shigo mana. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007, ta Gusau ma ta yi shiru a cikin waɗannan shekaru. Abin takaici, Gusau ta zama babban birnin jiha a 1996, daidai lokacin da injinanta ke shirin mutuwa.

To yanzu mu dawo kan zargin lalaci. Masana tattalin arziki na auna ma'aikaci ne da darajar abin da ya samar a awa ɗaya. Mai saƙar hannu ya yini yana zufa ya samu 'yan kamu kaɗan. Ɗan'uwansa a masaƙa shi kaɗai yana kula da injina da yawa. Duka biyun ba raggo a cikinsu, abin da ke bayansu ne ya bambanta: inji, wuta, horo, iri mai kyau. Da masaƙa ta rufe, ma'aikacinta bai koma gida ya kwanta ba. Ya hau kabu-kabu, ya kasa kaya a bakin titi. Ɗansa yau yana sana'ar POS ko haƙar zinare. Awannin aiki sun ƙaru, darajar aikin ta ragu. Abin da alƙaluman can sama ke faɗa ke nan, da yaren gida.

An gwada zuba kuɗi. Gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 100 don farfaɗo da auduga da masaƙu ta hannun Bankin Masana'antu, a 2019 kuma Babban Banki ya hana dala ga masu shigo da yadi. Amma kuɗi ba ya ɗinke sarƙar da ta tsinke a wuri uku. Yau ma an samu na huɗu: manomin Tsafe da na Bungudu, wani ba ya iya zuwa gonarsa saboda 'yan bindiga, wani sai ya biya kafin ya girbe.

Don haka 'yan'uwa, idan ɗan siyasa ya hau mumbari ya ce zai farfaɗo da masaƙar Gusau, kar mu yi saurin tafi. Mu tambaye shi: daga ina wutar za ta zo? Wa zai kawo irin auduga daga cibiyar bincike ta Samaru zuwa hannun manomi? Wa zai tsare gona da hanya? Wa zai sayi yadin, ko kayan makarantun jiha ma za a ɗinka da shi? Wanda ba shi da amsar waɗannan, fenti kawai zai yi wa gini.

Kuma ga aiki gare mu. Tsofaffin ma'aikatan masaƙar nan suna raye a unguwanninmu, amma suna ƙarewa. Ku je ku gaishe su, ku kunna waya ku naɗi labarinsu. Waiwaye adon tafiya ne. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah Ya ba mu zaman lafiya.