Isaac Watts (1674-1748): Sha'irin da Ya Rage wa Waƙarsa Ado da Gangan

Gabatarwa

A cikin shekara ta 1707 aka buga wani ɗan littafi a birnin Landan mai ɗauke da waƙoƙin ibada sama da 200. Mawallafinsa wani fasto ne marar ƙoshin lafiya, wanda shekarunsa ba su haura 33 ba, mai suna Isaac Watts. Abin da ya ja hankalinmu ga wannan littafi shi ne wani iƙirari da mawallafin ya yi a cikin muƙaddimarsa. Ya shaida wa masu karatu cewa akwai ɗangogin da ya tsara suka yi armashi, amma ya soke su don gudun kada su fi ƙarfin fahimtar talakawa, akwai kuma wuraren da ya ɓata adon harshe da hannunsa yana sane. Mu da muke koyon rubutun waƙa a jami'a mun san irin wuyar da wannan abu yake da ita, domin galibinmu idan Allah ya ba mu ɗango mai daɗi, ko da bai dace da waƙar ba, sai mun nema masa gurbi. Nufinmu a wannan maƙala shi ne mu bi sawun rayuwar wannan mutum, mu ga abin da ya tilasta masa saukowa, da abin da ya samu, da kuma abin da ya rasa.

Zamanin da Aka Haife Shi

An haifi Watts ranar 17 ga watan Yuli, 1674, a garin Southampton da ke gaɓar teku a kudancin Ingila. Shekara 12 kafin haihuwarsa, wato a 1662, majalisar dokokin ƙasar ta kafa dokar da ta wajabta wa kowane limamin coci bin littafin addu'o'i na Cocin Ingila, wato cocin gwamnati. Limamai wajen 2,000 suka ƙi, aka raba su da muƙamansu. Su da mabiyansu ne aka riƙa kira masu bijirewa, aka hana su riƙe muƙaman gwamnati, aka hana su taruwa don ibada, aka kuma toshe musu hanyar samun digiri a jami'o'in Oxford da Cambridge.

Mahaifin Watts yana cikin waɗannan mutane, kuma an ɗaure shi fiye da sau ɗaya saboda aƙidarsa. Ana ba da labarin cewa mahaifiyar takan zauna a bakin ƙofar kurkuku tana shayar da jaririn, mijinta yana ciki. Yaron ya tashi da kaifin ƙwaƙwalwa, ya koyi Latin da Girkanci da Ibrananci da Faransanci tun yana makarantar garinsu. Ganin haka ne wani likita a garin ya yi tayin ɗaukar nauyin karatunsa a jami'a, wanda hakan yana nufin ya koma Cocin Ingila. Watts ya ƙi. A 1690 ya tafi wata makarantar da masu bijirewa suka kafa wa kansu a kusa da Landan, a hannun wani malami mai suna Thomas Rowe, ya yi shekara 4. A lokacin dokar sassauci ta 1689 ta riga ta ba su izinin yin ibadarsu a fili, amma ƙofar jami'a tana nan a rufe.

Abin da Ya Tarar a Coci

Kafin mu fahimci aikin Watts, wajibi ne mu san yadda ake waƙa a majami'un Ingila a wancan zamani. Tun ƙarni na 16 ra'ayin John Calvin, malamin birnin Geneva, ya yi tasiri a kansu. Ra'ayin kuwa shi ne, bai kamata a yabi Ubangiji da kalmomin da ɗan Adam ya ƙaga ba, sai da waɗanda ke cikin Littafi Mai Tsarki, musamman Zabura. Saboda haka aka juya Zabura zuwa baitocin Ingilishi, kuma fassarar da ta fi yaɗuwa ita ce ta Sternhold da Hopkins, wadda aka kammala a 1562. Masu fassarar sun fi kula da kada su kauce wa nassi, don haka sau da yawa sukan murɗe jimla su karya ta don a sami amsa-amo, har ma'ana ta shige duhu.

Matsala ta biyu ta fi wannan girma. Yawancin masu ibada ba su iya karatu ba, waɗanda suka iya kuma ba kowa ke da littafi ba. Sai aka ɓullo da al'adar biyawa: mutum ɗaya ya tsaya a gaba ya karanta ɗango guda, jama'a su rera shi a hankali suna jan murya, su tsaya, ya karanta na gaba. Ke nan kowane ɗango yakan tsaya shi kaɗai na ɗan lokaci a bakin jama'a. Alal misali, a ce ɗango na farko ya ce mai zunubi zai tsira, sharaɗin tuba kuma sai a ɗango na biyu. To jama'a sun rera rabin magana da iyakar muryarsu kafin su ji sauran. Bugu da ƙari, muryoyin rerawa da jama'a suka sani 'yan kaɗan ne ƙwarai.

Watts ya koma gida a 1694 ya zauna kimanin shekara 2. An ce wata rana ya koka wa mahaifinsa game da munin abin da ake rerawa, uban ya ce masa in ya isa ya kawo wanda ya fi. Ko labarin ya inganta ko an yi masa ƙarin gishiri, an dai yarda cewa a wannan zama ne ya fara tsara waƙoƙinsa. Ba shi ne farkon wanda ya gwada ba. Wani fasto mai suna Benjamin Keach ya riga shi shigar da waƙoƙin da mutum ya tsara cikin ibada, har cocinsa ya rabu biyu a kan batun. Sai dai waƙoƙin Keach ba su da ƙwarin da za su rayu.

Saukowar da Ya Yi

Kada mai karatu ya zaci rashin iyawa ne ya sa Watts ya sauƙaƙa harshensa. Littafinsa na farko, Horae Lyricae, mai ɗauke da shekarar 1706, na masu ilimi ne. A cikinsa ya gwada ma'aunai masu wuya, har da wata waƙa a kan Ranar Hisabi da ya ɗora bisa wani tsohon ma'aunin Girkawa wanda Ingilishi ba ya karɓa cikin sauƙi. Wanda ya iya wannan, ba shakka ya iya tsauri in ya ga dama.

Amma a littafin 1707, Hymns and Spiritual Songs, sai ya ɗaure kansa da sharuɗɗa. Ya taƙaita mafi yawan waƙoƙin a kan ma'aunai ƙalilan da jama'a suka riga suka san muryoyinsu. A waƙar coci ta Ingilishi adadin gaɓoɓin ɗango ake ƙirgawa, ba nauyinsu ba kamar yadda muka saba a arulin waƙar Hausa. Ma'aunin da ya fi yawa shi ne baiti mai ɗango 4, da gaɓoɓi 8, 6, 8, 6. Sai mai 8 a kowane ɗango. Sai mai 6, 6, 8, 6. Ya yi ƙoƙari ma'ana ta cika ko ta sami wurin hutawa a ƙarshen kowane ɗango, don kada mai biyawa ya yanka ta. Ya fifita gajerun kalmomi na yau da kullum, ya rage siffantawa mai nisa. A ganinmu wannan ya fi rubuta waƙa mai tsauri wuya. Mai tsauri yana iya ɓoye raunin tunaninsa a bayan manyan kalmomi, shi kuwa mai sauƙi ba shi da wurin ɓuya. Inda Watts ya yi nasara, baitin yakan zo kamar ba tsara shi aka yi ba. Inda ya gaza kuma, kuma ya gaza a wurare da dama cikin waƙoƙi fiye da 600 da ya bari, sai baitin ya zama wa'azi kawai da aka yi wa amsa-amo.

Aikin da ya fi jawo masa surutu shi ne na 1719, inda ya sake tsara Zabura. Bai kira aikin fassara ba, kwaikwayo ya kira shi. Hujjarsa ita ce, Zabura waƙoƙi ne na mutanen Isra'ila a zamaninsu, cike da ambaton hadayar dabbobi da kayan kiɗan haikali da addu'ar halaka maƙiya, alhali mai ibada a Landan bai taɓa yanka rago a haikali ba. Idan ya rera waɗannan a matsayin maganarsa ga Ubangiji, to bakinsa yana faɗin abin da zuciyarsa ba ta sani ba. Saboda haka Watts ya ƙudura sa Annabi Dawuda ya yi magana da harshen Sabon Alkawari: inda Zabura ta yi ishara, shi sai ya ambaci Almasihu ƙarara. Wasu surori 12 ma bai taɓa su ba. Daga wannan littafi ne aka sami waƙarsa a kan Zabura ta 90, wadda aka rera a jana'izar Winston Churchill a 1965, da wadda ya ɗora a kan Zabura ta 98, wadda daga baya ta zama waƙar Kirsimeti ko da yake ba don wannan biki ya tsara ta ba.

Masu adawa sun ce ya ɗora maganarsa a kan maganar Allah, kuma a wasu majami'u, musamman a Scotland da Amurka, an shafe shekaru masu yawa ana jayayya kafin a karɓi waƙoƙinsa. Akwai wurin da mu ma muke ganin ya zarme. A wasu surori, inda nassi ya ce Isra'ila, sai ya sa Birtaniya, kamar dai ƙasarsa ce zaɓaɓɓiyar al'umma. Wannan ya zama abin kunya ga Amurkawa bayan sun yaƙi Birtaniya sun sami 'yanci, har sai da aka sa Joel Barlow ya gyara littafin a 1785, Timothy Dwight kuma ya sake gyarawa a 1801.

Baƙon Mako Guda

Rayuwarsa ta zahiri ba ta da yawan labari. Ya zama faston cocin Mark Lane a Landan a 1702. Gajere ne, bai yi aure ba, kuma ciwo bai bar shi ya sarara ba. A 1712 wani zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da shi, sai wani attajiri, Sir Thomas Abney, wanda ya taɓa zama magajin garin Landan, ya gayyace shi gidansa ya huta na mako guda. Watts ya zauna da wannan iyali shekara 36, har bayan rasuwar maigidan a 1722. A can ya rubuta littafin manɗiƙi wanda aka daɗe ana karantarwa a Oxford da Cambridge, jami'o'in nan da suka rufe masa ƙofa. Jami'o'in Edinburgh da Aberdeen ne suka ba shi digirin dakta a 1728. Wani littafinsa na 1741 a kan yadda mutum zai gyara tunaninsa ya faɗa hannun Michael Faraday yana yaro mai koyon ɗinkin littattafai, kuma masanin kimiyyar ya yi ta ambaton amfanin da ya samu a ciki.

Ga 'ya'yan Abney mata ya sadaukar da littafin waƙoƙin yara na 1715, wanda aka yi ta bugawa fiye da shekara 100. A nan ma saukowa ya yi, amma dole mu faɗa cewa wasu waƙoƙin sun cika tsoratar da yara da wuta da mutuwa. Yawan haddar da aka tilasta wa yaran Ingila ya sa Lewis Carroll ya juya biyu daga cikinsu zuwa barkwanci a littafinsa na Alice a 1865, har ta kai mutane da yawa sun san barkwancin ba su san asalin ba. Watts ya rasu ranar 25 ga Nuwamba, 1748, aka binne shi a Bunhill Fields, maƙabartar masu bijirewa.

Hukuncin Masana da na Masu Rerawa

Samuel Johnson, babban mai sharhin adabi na wancan ƙarni, shi ya nemi a saka Watts cikin jerin sha'iran Ingila da ya rubuta tarihinsu, amma yabon da ya yi wa waƙoƙinsa na ibada mai sanyi ne. A ra'ayinsa waƙar ibada ba ta cika gamsarwa ba ko a hannun wa, Watts dai ya ɗara wasu ne kurum. Muna ganin Johnson ya auna waƙar da ma'aunin mai karatu shi kaɗai a ɗaki, alhali an tsara ta ne don ɗaruruwan bakuna su furta ta tare, da malami da jahili.

Waɗannan bakuna sun kai inda Watts bai zata ba. Benjamin Franklin ya buga Zaburarsa a Philadelphia a 1729. A cikin shekarun 1750 wani fasto a Virginia, Samuel Davies, ya riƙa rubuta wa masu taimako a Ingila yana roƙon a aiko masa da littattafan Watts, saboda bayi 'yan Afirka da ke zuwa cocinsa sun fi ƙaunarsu a kan komai, har sukan raba dare suna rerawa. Da yake an hana yawancin bayi koyon karatu, sai al'adar biyawa ta zauna daram a wurinsu, suka zuba mata irin jan murya da amshi nasu. Shi Watts bai son biyawa. Ya yi fatan kowa ya riƙe littafinsa a daina ta, ya dai tsara waƙoƙinsa yadda za su jure mata ne don ba shi da zaɓi. Amma a majami'un baƙaƙen fata na Amurka, musamman na Baptis a kudancin ƙasar, wannan salon rerawa da mutum ɗaya ke ba da ɗango jama'a su ja shi a hankali, sunan da aka laƙaba masa shi ne Dakta Watts, ko da waƙar da ake rerawa ta wani sha'iri ce dabam.