Wa Ya Dace Ya Yi Kiɗan Sabon Fim Ɗin James Bond? Tarihin Masu Kiɗan Da Sunaye Biyar Da Ya Kamata Ku Sani

Jama'a, duk mai bibiyar finafinan James Bond ya san gidan ya canza hannu. A watan Fabrairun 2025 Barbara Broccoli da Michael G. Wilson, waɗanda suka gaji harkar a gidansu, suka miƙa wa kamfanin Amazon MGM ragamar tsara finafinan. Daga nan aka sanar da Amy Pascal da David Heyman a matsayin furodusoshi, Denis Villeneuve mai fim ɗin Dune ya zama darakta, Steven Knight mai Peaky Blinders kuma shi zai rubuta labari. A cikin sanarwar nan duka ba a ambaci wanda zai yi kiɗa ba.

Kowa ya tafi musu a kan wane jarumi ne zai zama 007, amma maganar kiɗan ma ba ƙarama ba ce. Ku duba fa: Daniel Craig ya tafi, Bond ɗinsa ma ya mutu a ƙarshen No Time to Die, furodusoshi sababbi ne, darakta sabo ne. Abin da ya rage da zai sa mutum ya ji cewa lallai fim ɗin Bond yake kallo, kafin ma jarumi ya buɗe baki, kiɗan nan ne. In aka ɓata shi, zai koma kamar kowane fim ɗin harbe-harbe.

Waƙa daban, kiɗan fim daban

Mu da muka tashi da finafinan Kannywood da na Indiya, in an ce kiɗan fim hankalinmu kan mawaƙi yake tafiya. A Bond aikin biyu ne. Akwai waƙar buɗe fim, irin wadda Adele ta yi a Skyfall, Sam Smith a Spectre, Billie Eilish a No Time to Die, kuma dukkan ukun sun ci Oscar. Sannan akwai kiɗan da ke bin fim ɗin daga farko har ƙarshe: wanda ake ji lokacin tseren mota, lokacin da Bond ke sanɗa a gidan mugu, lokacin da yake hira da budurwa. Wannan na biyun shi muke magana a kai.

Inda taken Bond ya samo asali

Fim na farko shi ne Dr. No, 1962. Monty Norman ne ya rubuta taken da kowa ya sani, John Barry kuma ya tsara shi ya ba shi wannan sautin ƙahonni da ganga, wani mai suna Vic Flick ya kaɗa jitar. Abin da zai burge masoya Indiya: Norman ya ɗauko sautin ne daga wata waƙa da ya taɓa rubutawa don wasan dandamali na littafin A House for Mr Biswas, labarin Indiyawan Trinidad, wasan da ba a kai ga yin sa ba. In kun saurari jitar da kyau za ku ji ƙamshin Indiya a ciki. A Octopussy na 1983 da aka ɗauka a Udaipur ma, akwai wurin da mai wasa da maciji ya busa taken don Bond ya gane shi nasu ne.

An daɗe ana rigima a kan Norman ne ko Barry ne mai taken. Maganar ta kai kotu, a 2001 Norman ya yi nasara a kan jaridar Sunday Times.

Waɗanda suka yi kiɗan finafinai 25

- Monty Norman: Dr. No, 1962.
- John Barry: finafinai 11, daga From Russia with Love a 1963 zuwa The Living Daylights a 1987.
- George Martin, furodusan Beatles: Live and Let Die, 1973.
- Marvin Hamlisch: The Spy Who Loved Me, 1977.
- Bill Conti, mai kiɗan Rocky: For Your Eyes Only, 1981.
- Michael Kamen: Licence to Kill, 1989.
- Eric Serra: GoldenEye, 1995.
- David Arnold: finafinai 5, daga Tomorrow Never Dies a 1997 zuwa Quantum of Solace a 2008.
- Thomas Newman: Skyfall, 2012, da Spectre, 2015.
- Hans Zimmer: No Time to Die, 2021.

Mutum goma ke nan, kuma biyu daga ciki sun kwashe 16.

Darussa biyu ne a wannan jerin. Na farko, darakta mai ƙarfi yakan zo da nasa mutumin. Arnold na cikin aikinsa lafiya ƙalau, amma da Sam Mendes ya karɓi Skyfall sai ya taho da Newman, wanda suke tare tun American Beauty. Na biyu, gidan Bond ba ya yarda a yi nisa da sautin da aka saba. Serra ya kawo kiɗan na'ura a GoldenEye, furodusoshi ba su gamsu da abin da ya yi wa wurin tseren tankar yaƙi ba, suka sa John Altman ya sake shi da taken Bond sosai. A No Time to Die ma Dan Romer aka fara ɗauka, abokin aikin darakta Cary Fukunaga, daga baya aka sauya shi da Zimmer.

Me ake nema a wajen mai kiɗan Bond?

Salon Barry ne ma'auni. Abu uku ne: ƙahonni masu kaifi, goge mai taushi a wuraren soyayya da zullumi, sai sautin da mutum zai fita yana yin fito da shi. Barry yana da wata dabara kuma, yakan ɗauki sautin waƙar buɗe fim ya riƙa dawo da shi cikin fim ɗin ta fuskoki daban-daban. Ku kalli Goldfinger na 1964, waƙar da Shirley Bassey ta rera tana nan tana yawo a cikin kiɗan har ƙarshe. Duk wanda za a ɗauka, da wannan za a auna shi.

1. Hans Zimmer

In caca ake yi, shi ne a gaba. Bajamushe ne, an haife shi a 1957, yana da Oscar biyu: The Lion King da Dune. Shi da Benjamin Wallfisch suka yi wa Villeneuve kiɗan Blade Runner 2049 a 2017, sannan ya yi Dune na ɗaya da na biyu. Saboda Dune ya bar Tenet na Christopher Nolan, duk da shekarun da suka yi suna aiki tare. Ga shi kuma ya riga ya taɓa Bond, tare da Steve Mazzaro, Johnny Marr na kaɗa jita.

Inda matsalar take: wuraren da suka fi taɓa zuciya a No Time to Die, sautin Barry ne na On Her Majesty's Secret Service na 1969 aka dawo da shi. Zimmer gwani ne wajen sautin da zai girgiza kujerar silima, amma ku gwada yin fito da kiɗan Dune ku gani. Bond yana buƙatar ɗan wasa da yanga a kiɗansa, Villeneuve kuma dama mutum ne mai son fim mai nauyi. In aka haɗa nauyi da nauyi, ana iya samun fim mai kyau wanda ba ya murmushi ko kaɗan.

2. David Arnold

Shi ne zaɓin tsofaffin masoya. Baturen Ingila ne, a 1997 ya fitar da kundin Shaken and Stirred inda ya sabunta waƙoƙin Bond, Barry da kansa ya ji ya ba da shawarar a ɗauke shi. Babbar hujjarsa Casino Royale ce ta 2006. A lokacin ma sabon jarumi ne, labari ya koma farko. Arnold ya ƙi sakin cikakken taken Bond, ya riƙa amfani da sautin waƙar da suka rubuta da Chris Cornell, sai a ƙarshen fim lokacin da Craig ya faɗi sunansa taken ya fashe. Wallahi duk wanda ya kalli wurin nan ba ya mantawa. Irin aikin da ke gabanmu ke nan: gabatar da sabon Bond.

Abin da zai hana shi: bai taɓa aiki da Villeneuve ba, kuma sababbin masu gida kan so su nuna an shiga sabon zamani. Arnold kuwa fuskar zamanin Broccoli ne.

3. Ludwig Goransson

Ɗan ƙasar Suwidin, an haife shi a 1984. Ya ci Oscar da Black Panther da kuma Oppenheimer. Don kiɗan Black Panther sai da ya je Senegal ya bi Baaba Maal, ya ɗauko gangar tama, wadda in kun gan ta kalangu za ku ce. Shi ya yi taken The Mandalorian, wato ya taɓa shiga gidan da wani babba, John Williams, ya kafa sautinsa, ya kawo sabon abu kuma jama'a suka karɓa. Tenet ma fim ɗin leƙen asiri ne. Ƙari a kan haka furodusan waƙa ne, ya daɗe yana aiki da Childish Gambino, don haka zai iya zama da mawaƙi su gina waƙar buɗe fim tare, kamar yadda Barry yake yi.

Cikas ɗin shi ne mutumin Nolan ne da Ryan Coogler, kuma daraktocin nan biyu ba sa barin shi ya huta.

4. Hildur Gudnadottir

'Yar ƙasar Iceland, mai kaɗa babban gogen Turawa da ake kira cello. Ta ci Oscar da Joker a 2020, ita ta yi kiɗan Chernobyl. Alaƙarta da Villeneuve ta daɗe. Kafin Zimmer, mai kiɗansa Johann Johannsson ne, wanda ya yi masa Prisoners, Sicario da Arrival, ya rasu a 2018. Hildur ta yi aiki da Johannsson a finafinan nan, sannan ita ta yi kiɗan Sicario na biyu. A cikin finafinai 25 babu mace ko ɗaya da ta jagoranci kiɗan Bond, in an ɗauke ta ta kafa tarihi.

Sai dai kiɗanta na zullumi ne da duhu. Zai yi daidai a wurin da Bond ke ɗaure a hannun mugu. A wurin tseren Aston Martin kuwa, ko shiga gidan caca da kwat, ba irin abin da aka san ta da shi ba ne.

5. Daniel Pemberton

Baturen Ingila, an haife shi a 1977. Ku nemi kiɗan The Man from U.N.C.L.E. na 2015 ku saurara, fim ɗin leƙen asiri ne na zamanin 1960 da 'yan kai, cike da sarewa, jita da ganga, ga yanga ga barkwanci. Shi ya yi finafinan Spider-Verse, waɗanda Amy Pascal na cikin furodusoshinsu, wato ta san aikinsa. Sannan shi da Mick Jagger suka rubuta waƙar buɗe Slow Horses, shirin 'yan leƙen asirin Birtaniya. Ya iya tsohon salo, ya iya na zamani, ya iya aiki da mawaƙi.

Raunin nasa shi ne bai taɓa aiki da Villeneuve ba, kuma sunansa bai kai na Zimmer ko Goransson nauyi a fasta ba.

Wasu da za a iya jin sunansu

Lorne Balfe ya yi Mission: Impossible guda biyu, Fallout da Dead Reckoning, amma ɗauko mai kiɗan kishiya zai sa Bond ya yi kama da ita. Michael Giacchino ya nuna ya iya salon Barry tun a The Incredibles na 2004. Benjamin Wallfisch kuma ya riga ya san Villeneuve.

To wa ya dace?

Tambaya biyu ce a nan: wa ake ganin zai samu, da wa ya kamata ya samu. Ta farko, tarihin Mendes da Newman ya nuna hanya, darakta irin Villeneuve in ya ce ga wanda yake so da wuya a musa masa, kuma finafinansa uku na baya duk akwai hannun Zimmer.

Ta biyu kuwa, ni Pemberton na zaɓa. Villeneuve zai kawo girma, hotuna masu faɗi da shiru mai nauyi, wannan ba sai an roƙe shi ba. Abin da zai buƙata daga waje shi ne mutumin da zai sa fim ɗin ya yi ɗan taku, ya ba mu sautin da za mu fito muna kaɗa shi a kan tebur. Pemberton ya yi haka a U.N.C.L.E. ba tare da ya kwafi Barry ba. In kuwa ana son a bi hanyar da aka riga aka gwada, a kira Arnold, tunda ya taɓa gabatar da sabon Bond kuma abin ya yi kyau.

Ga wanda yake so ya yanke nasa hukuncin, ga aiki mai sauƙi: ku saurari Goldfinger, sannan ƙarshen Casino Royale, sai The Man from U.N.C.L.E., Tenet, Sicario na biyu da Dune, ɗaya bayan ɗaya. Bayan awa guda ku duba wanne ne ya zauna muku a kai kuna maimaita shi ba ku sani ba, ku dubi sunan wanda ya yi shi.