Tafasa Ba Abincin Kunya Ba Ce

 Yau hirar tamu ta tarihi ce, amma ba na sarakuna da mayaƙa ba. Idan aka ambaci ƙasar Ƙauran Namoda, kowa Namoda yake tunawa, jarumin nan na Alibawa da aka yi yaƙin Alƙalawa da shi a 1808. To, akwai wani yaƙin da aka sha yi a Kurya Madaro da Zurmi da Shinkafi, wanda ba takobi ba garkuwa, sai ƙwarya da kwando. Yaƙi ne da yunwa, kuma mata ne dakarunsa.

Kin ga, a ƙasar nan tamu ba da rani yunwa ta fi cizo ba, a'a, da tsakiyar damina ne. Lokacin rumbu ya yi ƙasa, hatsin bara ya ƙare, gero bai isa tumu ba, ga maigida yana noma yana son abin da zai riƙe ciki. A daidai wannan lokaci ne Allah cikin ikonsa yake fito da tafasa da lalo da gasaya da rama da zaƙi-banza a bayan gari, ba wanda ya shuka. Sai tsohuwa ta ja jikokinta mata su fita da hantsi, kafin azahar sun dawo da kwando cike.

Iyayenmu sun san daji wata-wata kamar yadda kika san kwanukan ɗakinki. Da bazara ɗorawa ke nuna, a sha garinta, a tara kalwa don daddawa, a tsinko ɗinkin, wato ɗanyen tohon ɗinya. Da damina ga ganyaye, ga kaɗe da ake yin mai da ƙwallonsa. Wajen kaka ɗinya ta yi baƙi, a sha, a dafa maɗi. Da sanyi kuwa sai magarya da kurna da kanya da aduwa da tsamiya da goruba. A tafki da fadamun Gagare da Bunsuru akwai bado. Ita ko yaɗiya, ko rani ya yi tsanani tana nan shar a jikin shinge.

Ranar wannan sani ta zo a 1913, shekarar da ruwan sama ya ɗauke a ƙasar Hausa. Kafin damina ta 1914 an shiga yunwar da ake kira Kakalaba, wadda ta ci rayuka masu yawan gaske. Bayanta aka yi 'Yar Buhu a 1927, aka yi 'Yar Gusau wajen 1942, aka yi Muɗa a 1953 zuwa 1954, sannan babban farin nan na 1972 zuwa 1974 da ya kashe dabbobi tun daga Nijar har Zamfara. A irin waɗannan shekaru ganye ke tashi daga mahaɗi ya koma shi ne abincin. Akan sami ɗan tsaki tafin hannu a cuɗa da tafasa tukunya guda, a turara dambu, gida duka ya ci. Har ƙarangiya, wadda ke maƙale mana a zane muna tsaki, an sussuke ta an ci ƙwayarta.

Sai dai fa, 'yar'uwa, daji ba ya ciyar da wadda ba ta san shi ba. Ɗauki anza. 'Ya'yanta ɗaci ne da su kamar maɗaci, kuma suna cutarwa idan aka ci haka nan. Sai an ɓare, an jiƙa, ana zubar da ruwan ana sake wani kwana da kwanaki, kafin su zama dilo a dafa kamar wake. Da ita mutanen ƙasar Maraɗi da Damagaram suka yi ta maneji a yunwar 2005. Wa ya gano kwana nawa za a jiƙa? Wa ta fara bambance ganyen ci da na guba? Ba a rubuta sunanta ba, amma uwa ta koya wa ɗiya, ɗiya ta koya wa jika, har ya iso gare mu.

To, me ya sa sanin yake neman ɓacewa? Tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, noman gyaɗa da auduga ya bunƙasa, ga haraji da kuɗi ake biya, sai gona ta yi ta cin daji. Jama'a ta ƙaru, gatari ya shiga itatuwa don girki da gawayi. Daga baya shinkafa da taliya da dunƙulen magi suka shigo, har ta kai amarya tana jin kunyar a ga kwaɗon tafasa a ɗakinta, wai kada a ce mijinta ya gaza. Kaico! Abin da ya raya kakarki shi kike ɓoyewa?

Na baya-bayan nan ya fi duka ciwo. Tun wajen 2011 da ta'asar 'yan bindiga ta kunno kai a Zamfara, daji ya zama abin tsoro. Dazuzzuka irin su Dumburum da Sububu suka zama mafakarsu, mace ba ta isa ta yi nisa da gari don tsinkar ganye ba. A 2021 har kasuwannin mako gwamnati ta rufe na wani lokaci. A 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi, ta tarar kusan ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Ke nan an raba mutane da gona, an kuma raba su da dajin da ke rufa asiri idan gona ta ƙi.

Ban ce ki tafi daji ba, rai ya fi ganye. Amma abin da ba ki iya zuwa gare shi, ki jawo shi gida. Ki watsa irin lalo da gasaya da rama a bayan ɗaki inda ruwan wanke-wanke ke bi, ki dasa zogale, ki bar yaɗiya ta hau darni. Da damina, lokacin da ganye ke araha, ki saya da yawa ki shanya a inuwa, kada rana ta cinye amfaninsa, ki adana a buhu. Idan za ki yi kwaɗon tafasa, ki tsince, ki wanke, ki dafa har ta yi laushi, ki matse ruwan, sannan ki daka ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri, ki yanka albasa, ki zuba ɗan mai. Ƙulin nan shi ke gina jikin yaro, kada ki yi masa rowa. Amma idan kin ga yaro yana ramewa ko ƙafarsa ta kumbura, ba maganar kwaɗo ba ce, maza asibiti.

Sannan idan akwai tsohuwa a gidanku, kakarki ce ko uwar mijinki, ki shimfiɗa tabarma kusa da ita yau da dare. Ki ce, “Inna, yaya kuke gyara anza? Wane ganye ne ba a ci?” Ki sa 'yarki ta zauna ta ji. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, ita kuwa zumar ba kullum za ta kasance a gidan ba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara, amin.